Hoto goma ake nema, na dawo bakwai

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Wata biyar ke nan da na ce muku na ɗaura niyyar neman matakin farko na shaidar ƙwarewa ta Royal Photographic Society, ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Birtaniya, na kuma yi alkawarin zan riƙa kawo muku rahoto. To, ga inda aka kwana: hoto goma ake nema, ina da bakwai. Watan jiya tara gare ni. Ba ɓatan lissafi na yi ba, da hannuna na cire biyu.

Ga waɗanda ba su ji bayanin farko ba, ƙungiyar tsohuwa ce ƙwarai. A Landan aka kafa ta a 1853, lokacin da ɗaukar hoto bai wuce shekara goma sha huɗu da bayyana wa duniya ba. Sakatarenta na farko shi ne Roger Fenton, wanda ya tafi ɗauko hotunan yaƙin Kirimiya a 1855, Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert kuma suka zama iyayen ƙungiya. Ta yi baje-kolinta na farko a 1854. Ta daɗe da hedikwata a birnin Bath kafin ta koma Bristol a 2019. Ba sai kai ɗan Birtaniya ba ne za ka shiga, shi ya sa irinmu ma muke sa rai.

Akwai abin da na daɗe ina cakuɗawa, na kuma lura ba ni kaɗai ba ne. Karramawar ƙungiyar iri biyu ce. Akwai lambobin yabo na shekara-shekara, kamar Progress Medal da aka fara bayarwa a 1878 don wanda ya kawo wani ci-gaba na gaske a kimiyya ko fasahar hoto. Irin waɗannan ba ka cike takarda ka ce a ba ka. Wasu ne ke gabatar da sunanka. Mu bar wa manya wannan. Namu shi ne kashi na biyu, shaidar ƙwarewa mai hawa uku, wadda kai ne za ka kai aikinka gaban alƙalai. LRPS ce ta ƙasa, hoto goma. ARPS hoto goma sha biyar, haɗe da gajeren bayanin abin da kake nufi da aikin. FRPS kuwa ashirin ko ashirin da ɗaya, kuma a nan ana so a ga salon da za a ce naka ne kai kaɗai. Ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na biyu. Ko aikinka ya kai mizani ko bai kai ba.

Da na fara, na ɗauka abin mai sauƙi ne: in buɗe kwamfuta, in tsinto hotuna goma da aka fi yaba mini, shi ke nan. Na yi hakan a mako guda. Da na wanke su ƙanana na shimfiɗa a kan tebur, sai jikina ya yi sanyi. Shida daga cikinsu fuskar mutum ce kusa da taga, haske daga hagu, lensi ɗaya mai milimita 50, buɗin ido f/1.8. Ashe hoto ɗaya nake ta maimaitawa, mutanen ne kawai ke canzawa. Matakin LRPS kuwa yana son ganin cewa hannunka ya faɗa a fannoni daban-daban: ka iya tsayar da abu mai gudu, ka iya sarrafa haske mai wuya, ka san lokacin da za ka bar bayan hoto ya dushe da lokacin da za ka fito da komai tar. Daga shidan nan biyu kawai na bari.

Yanzu ga biyun da na cire a wannan watan, don su ne suka fi yi mini ciwo.

Na farko hoton farin tsuntsu ne yana sauka kan ruwa da hantsi. Na tsayar da fukafukansa cak da saurin ɗauka na 1/2000 na daƙiƙa, ɗigon ruwa ma ana ƙirga su. Kowa ya gani sai ya ce madalla. Amma da na duba jadawalin hasken, wato histogiram, sai na ga ya manne da bangon dama. Bayan tsuntsun ya ƙone, fari fat, babu gashi ko ɗaya da ake gani. Na shafe dare biyu ina jan hasken ƙasa a fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton yadda kyamara ta ajiye shi, abin da na samu kawai farin ya koma toka-toka mai datti. Abin da sensa, wato ɓangaren kyamara mai karɓar haske, ba ta kama ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro maka shi da gaskiya. Da na rage hasken da mataki ɗaya tun a wurin, da yanzu yana tsakiyar jerina. Tun ranar na kunna alamar nan mai ƙyaftawa a allon kyamara, wadda ke nuna inda haske ya ƙone, ban sake kashe ta ba.

Na biyun laifin zalama ne. Hoton rufin wani tsohon gini ne a gaban sararin sama, ya ɗan yi laushi, sai na ƙara masa kaifi a kwamfuta har na wuce gona da iri. A allon waya lafiya lau yake. A takarda babba kuwa, ga wani siririn farin zare ya bi gefen rufin tun daga farko har ƙarshe. Wata 'yar'uwa da ta riga ni nisa a harkar ce ta ɗora yatsa a kai, ba ta ce komai ba. A saman hoton kuma ta nuna mini ɗigo uku na ƙurar sensa, waɗanda ƙaramin buɗin ido na f/16 ya tona musu asiri. Ƙurar tana goguwa, amma laushin asali ba ya gyaruwa.

Wani abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne jeri. Alƙalai ba ɗaya-ɗaya kawai suke kallon hotunan ba, suna kallon goman a matsayin abu guda, har masu harkar kan ce tsarin jerin shi ne hoto na goma sha ɗaya. Na gwada layi biyu, biyar sama biyar ƙasa. Nan na gane cewa mutumin da ke gefen dama bai kamata ya juya yana kallon waje ba, domin yana fitar da idon mai kallo daga jerin. Na mayar da shi hagu, ya kalli ciki, sai komai ya zauna. Haka kuma hoto mai ja sosai idan ya zauna a kusurwa ɗaya, sai ya rinjayi sauran kamar an ɗora dutse a gefe guda na sikeli. Ban gama warware wannan ba tukuna.

Wankin ma ya ba ni wahala kaɗan. Duk hotunan sun fito da duhu, na fara zargin mai wankin, ashe allon kwamfutata ne ke da haske fiye da kima. Na rage shi, an wuce wurin.

Abin da ya rage mini uku ne: hoton dare a kan ƙafar kyamara, hoton wani ƙaramin abu daga kusa-kusa, da kuma wanda zai maye gurbin tsuntsun nan. Na koma bakin ruwan sau uku, sau biyu bai zo ba, sau ɗaya ya zo rana ta riga ta take. Ƙungiyar tana shirya zaman ba da shawara inda ake duba aikin mutum kafin ya kai shi gaban alƙalai, kuma na yanke cewa ba zan nema ba sai ina da goma sha biyar a hannu, don a sami na zubarwa. Wanda duk ya saba ɗaukar fararen tsuntsaye a cikinku, don Allah ya gaya mini ko awon haske na ɗigo ɗaya yake amfani da shi, ko kuwa rage hasken kawai yake yi da hannu. Asabar mai zuwa da asuba zan sake komawa.