Injin da Zan Saka wa MGB

Tun ranar da bakanike ya buɗe injin tsohuwar motata ƙirar MGB a garejinsa da ke Ingila, ya nuna mini tsagewar da ke jikin silinda ta uku, nake ta jujjuya maganar abin da zai maye gurbinsa. Motar ta fito daga masana'antar Abingdon da inji mai silinda huɗu, cc 1798, wanda ba ya gudun tsiya amma yana da juriya, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Abokai sun matsa mini in ɗora injin Rover V8 mai silinda takwas da lita 3.5, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin da alminiyum aka ƙera shi, nauyinsa bai wuce na ƙaramin injin ƙarfen ba, kuma kamfanin da ya ƙera motar da kansa ya saka shi a samfurin MGB GT daga 1973 zuwa 1976. Sai dai tawa ta 1969 ce, mazaunin injinta matsattse ne, dole a yanka ƙarfe, a sauya lagireto da giya, a ƙarfafa birki. Zuciyata ba ta yarda a sa wa jikinta zarto ba, don haka na sa a nemo mini irin nata na asali.