Iya taka leda daban, zama a benci daban

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a gidan kallo ana jiran a take wasa, sai na ji wani yaro a bayana, cikin yaran nan da ake ji da su a filin unguwa, yana ce wa abokinsa wai shi in ƙafa ta gaji koci kawai zai zama, ai ba wani abu ba ne, wanda ya iya ya iya. Na waiga na kalle shi na yi dariya, ya ɗauka raini ne. Wallahi ba raini ba ne ƙanena, muryata na ji a bakinka. Ni ma haka na faɗa ina da ƙuruciya, kuma da wannan tunanin na durƙusar da kulob ɗin wani bawan Allah cikin kaka ɗaya da rabi, na kuma ja wa wani yaro abin da har yau in na tuna bacci ba ya zuwa da daɗi.

Ni lamba 7 na buga. Duk wanda ya taso a zamaninmu yana buga gefen dama to Finidi George yake kwaikwayo, ko ya yarda ko bai yarda ba. Muna yara muka kalle shi a 1994, suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, suka wuce Amurka gasar cin kofin duniya ya zura wa Girka ƙwallo ya durƙusa yana rarrafe yana ɗaga ƙafa ɗaya, washegari duk yaron da ya ci ƙwallo a layinmu sai ya yi wannan rarrafen, wandunanmu duk suka mutu a gwiwa muka sha duka a gida. A 1995 kuma shi da Kanu suka ci kofin zakarun Turai da Ajax, suka doke AC Milan 1 da nema a Vienna. Daga nan Real Betis, Mallorca, Ipswich a Ingila, ya sake komawa Mallorca ya rataye takalmi a 2004. To ku riƙe wannan shekarar, zan dawo kanta.

Ni ban kai ko'ina ba, iyakata ƙaramin rukuni, amma a garinmu an san ni, in na ɗauki ƙwallo 'yan kallo miƙewa suke. Gwiwa ce ta tsayar da ni ina ɗan shekara 29. Ban yi wata shida a zaune ba wani Alhaji mai gidan mai da ya kafa kulob ya aiko a kira ni, ya ce ga yara ga jesi ga mota, kai ne koci. Ko kwana ban yi a kan maganar ba na amsa.

Akwai wani dattijon koci da ya rene ni tun ina ɗan shekara goma sha biyu, Allah ya jiƙansa, shi ne ya kira ni gefe ya ce ɗana kar ka karɓa tukun, zo ka zauna a ƙarƙashina shekara biyu da yara ƙanana, in an buɗe kwas ka je ka yi, ko ka daure ka tafi NIS, cibiyar koyar da harkar wasanni ta ƙasa, a Surulere can Legas ka samo takarda. Na ce to Baba, a baki kawai. A zuciyata cewa nake ni da na buga da manya zan koma share wa yara majina? Takardar me zan nema, ƙafata ai ita ce satifiket ɗina.

Yanzu ku dubi Finidi. Mutumin da ke da lambar zinare ta kofin zakarun Turai, wanda Louis van Gaal ya horar, bai ce ƙafarsa ce satifiket ba. Ya zauna a Sifaniya ya yi karatun koci ya karɓi lasisin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ya yi aiki da yaran makarantar ƙwallo ta Mallorca, kuma sai a Satumban 2021 ya samu babban kulob na kansa, Enyimba ta Aba. Daga 2004 zuwa 2021 ku lissafa, shekara 17 kenan. Ni wata shida ma na ga ya yi min yawa. Haka Xabi Alonso da ya ci kofin duniya da Sifaniya a 2010, da ya daina wasa a 2017 'yan ƙasa da shekara 14 na Real Madrid ya fara riƙewa, sannan ƙaramar tawagar Real Sociedad wajen shekara uku, kafin Leverkusen ɗin da kuke ta yabo da ta ci Bundesliga a 2024 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Wanda kuma ya yi irin nawa akwai shi, Gary Neville, tsohon ɗan wasan Manchester United, daga sharhi a talabijin aka miƙa masa Valencia a Disambar 2015, ga shi ba ya jin yaren 'yan wasan, Barcelona ta zuba masa 7 da nema, kafin ƙarshen Maris an sallame shi. Shi dai ya koma talabijin ɗinsa, ni ba ni da talabijin ɗin komawa.

Ranar farko a fili na gane akwai matsala amma girman kai bai bar ni na faɗa ba. Yara talatin sun zuba min ido, ni kuma abin da na sani shi ne a zagaya fili sau goma, a miƙe jiki, a raba gida biyu a buga. Kullum haka. Ba takarda ba tsari, ban taɓa zama na rubuta yau ga abin da za mu koya ba. In yaro ya kasa kuros sai in ƙwace ƙwallon in buga da kaina in ce ka gani? haka ake yi, in ya sake kasawa in hau shi da faɗa. Sai daga baya na fahimci abin da ƙafata take yi ni kaina ban san yadda take yinsa ba, balle in bayyana wa wani, inda zai dasa ƙafar hagu, lokacin da zai ɗaga kai, duk ban da kalmomin faɗarsu. Su difenda da gola kuwa ko oho, tunda ban taɓa buga baya ba sai na bar su da Allah, kusan duk kwana in aka bugo mana sai ta shiga, ni kuma ina bakin layi ina ihun ku tashi ku tashi, kamar bacci suke. Kai har shiga saiti nake a tirenin da gurguwar gwiwata don 'yan kallo su ce koci har yanzu da sauransa. Yaran suna kallona ina yanke su ina jin daɗi, ban san kunya nake ba su ba.

Akwai wani lamba 5 da nake da shi, dogo mai shiru-shiru, ya yi kuskure a wani wasa aka ci mu a minti na ƙarshe. A gaban jama'a, ƙannensa na wajen, na kira shi da sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba. Bai ce min komai ba, ya cire jesi ya ninke ya ajiye a kan benci ya tafi, bai sake dawowa ba. Bayan kaka ɗaya na gan shi a wani kulob yana ɗaure da kyaftin a hannu. Daga ranar da ya tafi sauran yaran suka daina gwada komai, kowa yana samun ƙwallo sai ya yar da ita don kar laifi ya faɗo kansa, ni kuma ina cewa ba su da zuciya.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na ɗan sitiraikana. Yaro ne ɗan shekara sha tara, shi ke ci mana rabin ƙwallayenmu, uwarsa ƙosai take sayarwa kuma duk gidan shi suka zuba wa ido. Ya ce min koci gwiwata tana min wani iri, in na juya sai in ji kamar za ta zame. Ni fa na san wannan maganar, da bakina na taɓa faɗarta, na san abin da take nufi sarai. Amma muna da wasan da in muka faɗi za mu gangara rukunin ƙasa, Alhaji kuma ya riga ya kira ni sau uku a waya. Sai na sa aka murza masa man zafi aka ɗaure da bandeji aka ba shi maganin kashe ciwo na ce kai namiji ne, minti arba'in da biyar kawai nake so. Minti ashirin bai cika ba ya faɗi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, irin tawa sak, aikinta kuma kuɗi ne da ni da kulob ɗin ba mu da su. Aka kai shi wajen mai ɗori, alhali ba karaya ba ce balle ɗori ya yi mata magani. Yanzu Keke Napep yake ja, in ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya ce koci shigo in rage maka hanya, kuma ba ya karɓar kuɗina, da zagina yake yi da ya fi min sauƙi. Don Allah duk wanda aka ba amanar yaran mutane, in yaro ya ce gwiwa ko ya bugu a kai yana ganin jiri, a cire shi, ko da wasan ƙarshe ne.

Sai maganar takarda tsakaninka da mai kulob. Ni da baki muka yi, Alhaji ya ce ai mu 'yan uwa ne, na ji kunyar in ce a rubuta. Wata uku na farko lafiya lau, daga nan alawus ya fara makalewa, ni ne kuma a gaban yara, kullum ina ce musu sati mai zuwa, ina rufa masa asiri da ƙarya har suka daina yarda da duk abin da ya fito daga bakina, har da na cikin fili. Ranar wasa kuma sai a turo min sunaye a waya, ɗan ƙanwar ciyaman dole ya fara, yaron abokinsa dole ya shiga bayan hutun rabin lokaci, na yi shiru na bi tunda ban da abin da zan dogara da shi. Da muka gangara ni aka kora, a bakin direban motar kulob ma na fara ji, da bashin wata biyar da har yau ban gani ba.

Kar ku ɗauka wannan a ƙananan kulob kawai yake faruwa. Finidi ya ci wa Enyimba lig a Yunin 2023, a gasar Super Six da aka yi a Legas, kofinsu na tara. Ya yi mataimakin Jose Peseiro, kocin Super Eagles na lokacin, har wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1, aka ba shi Super Eagles a ƙarshen Afrilun 2024. Wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, kunnen doki 1 da 1 da Afirka ta Kudu a Uyo, Benin ta ci mu 2 da 1 a Abidjan, shi kenan gari ya ɗauka, hukumar ƙwallo ta ce za ta kawo Bature a samansa, ya ajiye aikin a watan Yuni. Kujerar koci haka take, ba ta san sunan kowa ba. Abin da nake so ku lura da shi, bai yi wani dogon zama ba Rivers United ta ɗauke shi, saboda yana da lasisi a hannu yana da kofin Enyimba da zai nuna. Ni da aka kore ni me zan nuna? Na je neman aiki a wani kulob aka ce ina takardarka, na fara ba su labarin ƙwallon da na ci shekara goma baya, sakataren yana ta kallon agogo.

To ƙannena masu buga ƙwallo yanzu, in da gaske kuna son bencin nan ku fara tun ƙafa tana aiki. Sayi littafi na naira ɗari biyu ko nawa yake yanzu, duk tirenin da kocinka ya ba ku ka rubuta, ka tambaye shi me ya sa, ko zai ga kamar ka cika surutu. In kana kallon wasa a gidan kallo ka daure minti goma ka daina bin ƙwallo da ido, ka kalli abin da 'yan baya huɗu suke yi lokacin da ƙwallo take can gaba, da wuya fa, ni sai da na shekara arba'in na iya. Ka riƙa leƙa ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku kana tambayar yaushe za a yi kwas, lasisin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, hawa-hawa ne, D, C, B, A, har Pro, kuma kulob ɗin da zai buga gasar Afirka ba ya ɗora wanda ba shi da babban lasisi a benci ko da shi ne Maradona. Sana'ar hannu ko karatu kuma kar ka sake su, ni da ban koyi gyaran waya a wajen yayana ba da ban san yadda zan ciyar da gida ba a shekarun nan.

Na yi kwas ɗin daga baya, ina zaune a aji da yaran da na girme su da shekara goma sha biyar, wani ma na taɓa korarsa daga tirenin, shi ya riƙa ara min biro. Yanzu 'yan ƙasa da shekara 13 nake riƙewa a filin wata firamare, ƙarfe shida na safe Asabar da Lahadi, aikin da Baba ya ce in yi tun farko na raina. Jiya wani ɗan ƙaramin gola ya tambaye ni me ya sa yake tsayawa a kusa da turke ɗaya in za a bugo kwana, muka tsuguna a ƙasa da marafan lemo muna jerawa kusan minti ashirin har ya ce ya gane, kuma na ga alamar ya gane ɗin. Kai kuma ɗan gidan kallo mai son zama koci, in ka karanta wannan ka zo ranar Asabar, akwai buhun ƙwallaye da jarkar ruwa da nake neman mai ɗauka.