Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a daren sanyin nan

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo ɗan yayana daga asibiti, yana gida Daura, yana ci yana sha, har ya koma tsokanar ƙannensa. Tun da labarin ya fita waya ba ta huta ba, ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na zo nan. Sannan in gyara zancen da ke yawo: ba harbinsa aka yi ba, ba kuma maciji ne ya sare shi ba. Sanyi ne.

Farauta muka fita ta wajen Baure da niyyar kwana, kamar yadda muka saba in an gama kawar da amfanin gona. Dab da magariba yaron ya bi wata zabuwar daji da aka raunata har cikin fadama, ya fito jiƙe zuwa ƙirji yana dariya. Ya sha wuta, riga ta ɗan sha iska, aka ci abinci. Bayan isha'i iska ta taso daga arewa da ƙurarta, irin wadda ba mu gani ba tun shigowar hunturun bana. Duk wanda ya taɓa kwana a dawa cikin Janairu ya san sanyi ba ya kai maƙura sai gab da asuba, yana iya sauka kusan digiri 10. A gida wannan abin bargo ne. A fili, kan ƙasa, da danshi a jiki, wani abu ne daban.

Godiyata ta farko ga Baba, dattijon tawagarmu. Can cikin dare yaron ya daina karkarwa, wasu har sun ce ya samu sauƙi. Baba ya haska fuskarsa da tocila ya tambaye shi sunan mahaifiyarsa. Harshe ya yi nauyi, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Baffa, ku bar ni in yi barci." Nan take Baba ya ce, "Wannan ba sauƙi ba ne, jikin ne ya gaji." Ya hana a kanga shi jikin wuta, ya hana a murza masa ƙafafu. Ya sa aka tuɓe masa kayan da ke da danshi, aka tara karan dawa aka shimfiɗa buhuna a kai, don a cewarsa ƙasa ta fi iska satar ɗumin mutum. Ƙanina ya cire riga ya rungume shi ƙirji da ƙirji, aka lulluɓe su da duk bargon da ke wurin har kai. Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Sai Ardo da iyalinsa. Haushin karnukanmu da hasken wuta suka fito da shi daga rugarsa, da sanda a kafaɗa. A wannan zamani, mutum ya ga baƙi da bindigogin toka kusa da garkensa cikin dare, ko ya juya ba wanda zai zarge shi. Ya leƙa ya ga yaron, abin da ya ce kawai, "Bayin Allah, ku ɗauko shi." Ya tashi 'ya'yansa daga bukkarsu ya ba mu. Inna ta hura wuta ta ɗumama madara da sukari, ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan bayan ya dawo hayyacinsa yana iya haɗiya. Da na miƙa mata kuɗi da safe, ta kalle ni ta ce, "Ɗana, ana sayar da nono, amma ba na daren jiya ba." Masu yi wa Fulani kuɗin goro su ji wannan.

Ina godiya ga mai a-kori-kura da ya sauke kayansa a bakin hanya ya kawo mu gari, da ma'aikatan jinya da suka karɓe mu ba jan rai. Su suka bayyana mana cewa zafin jikin mutum digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma daina karkarwa da ruɗewar magana alamu ne na abin ya yi nisa. Abin da Baba ya sani ke nan, shi da bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba.

Limaminmu, maƙwabta, matan unguwa da suka cika gida da kwanuka, 'yan'uwa maharba na Zango, Sandamu da Mai'aduwa da suka yi ta kira: Allah ya saka da alheri, ya raba ku da irin wannan dare.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu koma rugar Ardo da yaron da mahaifinsa, mu kai gaisuwa mu mayar da bargonsu. Mai son rakiya ya same mu a ƙofar gida.