Kafin ku sayi fom ɗin mastas

Ƙannena da kuka gama bautar ƙasa bana, daga ranar da alawus ya tsaya akwai tambayar da za ta riƙa bin ku: "To, yanzu me ake ciki?" A wajen ɗaurin aure za a yi muku ita, a majalisar unguwa, har a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Ni wannan tambayar ce ta kai ni digiri na biyu. Na sayi fom ne don in samu abin faɗa, saboda "ina mastas" ta fi "ina neman aiki" daɗin fita a baki.

Lokaci ne ban lissafa ba. A takarda wata 18 aka ce. Shekarar darasi ta wuce lami lafiya, don lakca da jarrabawa mun saba da su. A kundin bincike ake maƙalewa. Ban tambayi waɗanda suka riga ni shiga wane malami ne ke karanta aikin ɗalibi ya mayar masa da wuri ba, aka haɗa ni da sufabaizan da ɗalibai suka yi wa yawa. Babina na biyu ya daɗe a teburinsa har gindin kofin shayi ya yi tambari a shafin farko, kuma da ya dawo hannuna jan biron bai je ko'ina ba. Sai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma ya ɗauko daga Fabrairu har Oktoba. Duk sabuwar shekarar karatu sai an sake biyan kuɗin rajista, ko ka ga malaminka ko ba ka gan shi ba. Yayana mai shagon yadi ne ke biya, bai taɓa yi mini gori ba, amma ni da kaina na daina iya kallon idonsa.

Ban ce mastas banza ba ce. Wanda ya ƙuduri koyarwa a jami'a ba shi da wata hanya, don a can sai da digirin digirgir ake yin nisa. Amma shi ma ya fara neman gurbin ƙaramin malami tukuna, domin TETFund, hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyin karatunsu, ba mai zaman gida ba. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa kuwa sai kana da gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu za su dubi takardarka. Kun ga ke nan aikin da nake guje wa ina fakewa a aji shi ne zai biya mini karatun, da na yi haƙuri.

Wanda ya karanta akanta, jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, za ta fi yi masa rana a kasuwar aiki. Wani abokin karatuna ya kama aikin lissafi a wani kamfanin casar shinkafa, a kan albashin da na raina a lokacin. Lokacin da na kare kundina, shi ya riga ya zama mai yi wa masu neman aiki intabiyu. Ni kuwa duk inda na je, tambayar farko ita ce a ina na taɓa aiki.

Idan har za ku shiga, ku je sashen da ƙafarku, kada ku tsaya ga abin da aka rubuta a shafinsu na intanet. Ku nemi ɗaliban da suka fi daɗewa, galibi za ku same su a barandar ofisoshin malamai rungume da fayil. Ku tambaye su yaushe suka shigo, wane malami ne ke yaye ɗalibansa, nawa suka kashe zuwa yau har da kuɗin mota da na buga kundi. Ke kuma ƙanwata, in akwai maganar aure a gaba, ki san garin da za ki tare kafin ki biya kuɗin rajista.