Kowa ya zo da kuskurensa

Da malaman jami'a suka tsunduma yajin aiki a Fabrairun 2022, ƙanena da abokansa suka dawo gida Kano suna zaman kashe wando. Da yake ina ɗan taɓa aikin kwamfuta, sai na ce su zo mu yi rajistar kwas ɗin Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, a shafin karatu ta intanet na Coursera. Mu 14 muka buɗe zaure a WhatsApp. Kafin a rufa mako uku, zauren ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Na ɗauka lalaci ne, har na yi ta tura musu saƙon faɗa. Ashe ni ne ban fahimta ba. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, wani data ce ta ƙare masa, wani rashin wutar caji, amma yawancinsu kunya ce. Yaro ya rubuta aikinsa, allo ya watso masa jan rubutu da Turancin da bai gane ba, sai ya ɗauka kowa ya wuce shi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wanda kuwa ya kwana biyar bai buɗe darasi ba, da wuya ya dawo don kansa.

Sai muka koma haɗuwa ido da ido duk Asabar bayan la'asar, a shagon wani abokina mai sola. Sharaɗi ɗaya na gindaya: kowa ya zo da inda ya maƙale. Ni na fara nuna nawa, ɗigo biyu da na manta a ƙarshen layi suka ci mini rabin awa. Aka yi mini dariya, daga nan bakin kowa ya buɗe. Bidiyon darasi kuma mutum ɗaya ke saukewa da datar dare mai araha, ya tura wa saura ta Xender. Marasa kwamfuta suka riƙa rubutu a waya da Pydroid, manhajar rubuta Python, ana yi ana tsaki.

Azumi ya kama a Afrilu, muka mayar da zaman bayan asham. Nan na yi kuskure: 'yan mata biyu da ke cikinmu ba a barinsu fita da dare, ban kuma tuna ba sai da ɗaya ta sulale. Ɗayar da saƙon murya muka riƙe ta, kuma ita ta fara gamawa.

Da aka janye yajin aikin a Oktoba, mutum shida sun karɓi takardar shaida. Ƙanena ba ya ciki. Har yau in na tambaye shi, sai ya ce, "Yaya, ai ina mako na biyar."