Saƙon Godiya Bayan Kammala Baje Kolin Zane-zane da Ayyukan Hannu a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin kwamitin da ya shirya baje kolin zane-zane da ayyukan hannu da aka rufe a ƙarshen makon jiya a nan Birnin Shehu, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, walau da basirarsa, ko da dukiyarsa, ko da shawararsa, ko kuwa da tattakin da ya yi ya zo ya ba idonsa abinci. Kafin kowa, godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da farawa, ya kuma ba mu ikon kammalawa lafiya, ba tare da wani abin baƙin ciki ya sami mutum ko kayan da aka damƙa mana amana ba.

Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo suka tarar da komai a tsare ba su san cewa saura ƙiris taron ya wargaje tun kafin a buɗe shi ba. Zauren da aka yi mana alkawari tun da damina an janye shi ana gab da ranar buɗewa, bayan an riga an buga katin gayyata an rarraba. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, domin kowa da uzurinsa. Muna cikin wannan hali ne wata Hajiya mai makaranta ta ji labari daga bakin ɗaya daga cikin malamanta, ta aiko aka kira mu, ta miƙa mana mabuɗin babban zaurenta tunda ɗalibanta suna hutu, kuma ba ta karɓi ko sisi ba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a kafa mata ƙusa a bango. Hajiya ta hana mu ambaton sunanta, mun kuwa kiyaye, amma ba ta hana mu yi mata addu'a ba: Allah ya saka mata da mafificin alheri, ya albarkaci zuriyarta da makarantarta. Wannan sharaɗi nata shi ya haɗa mu da kafintocin da suka kwana suna harhaɗa allunan katako masu tsayuwa da ƙafafunsu, suka shafe su da farin fenti, har kowane zane ya sami inda za a rataye shi. Muna gode musu, da mai gyaran wuta da ya ja waya ya sa ƙwai a saman kowane allo, da ɗan kasuwar da ya ba mu aron janareta, da kuma matasan da suka riƙa yin sammako suna goge ƙurar hunturu daga kan gilasai da fatu kafin baƙi su iso. Duk wanda ya san hazon Sakkwato ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin abin da aka goge da hantsi kafin la'asar ya sake yin fari.

Godiyar da ta fi mana nauyi ita ce ta iyayenmu masu sana'o'in gado: dukawa, da majema, da masu rini, da maƙera, da masu ɗinkin riga da hula, da masu sassaƙar ƙwarya. Tun a zamansa na farko kwamiti ya tsai da shawara cewa aikin baduku zai hau allo ɗaya da aikin wanda ya karanci zane a jami'a, kuma kowane aiki za a rubuta sunan mai shi da shiyarsu a gefensa, da boko da ajami. Dalilinmu yana cikin tarihin garin nan. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato su ratsa Sahara da ita zuwa biranen Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai, inda aka riƙa yi wa manyan littattafai bango da ita saboda laushinta da ƙarkonta. Amma da yake ta hannun 'yan kasuwar can take isa, sai aka san ta da sunan fatar Maroko, aka manta da majemin da ya jeme ta da garin da ta fito. Har yau abin bai sake zani ba, domin jaka ko titimi kan bar shiyar Madunka ya isa kantin wani babban otal a Abuja ko Legas a sayar da shi ninkin-ba-ninkin, ba wanda zai tambayi hannun da ya ɗinka shi. Muna da misalin abin da suna yake jawo wa mai sana'a. Ladi Kwali a gida ta koyi ginin tukwane, kamar yadda dubban mata suka koya, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Saboda ayyukanta sun yi yawo a duniya da sunanta, yau ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20.

Shawo kan dattawan bai zo da sauƙi ba. Wani tsohon baduku da muka iske a zaurensa yana yankan fata ya saurare mu har muka gama, sannan ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Ɗana, tun kakanninmu muna wanga aiki, ba mu taɓa jin an rubuta sunan baduku ga jikka ba." Muka ce, "Baba, shi ya sa muka zo." Bai ba mu amsa a ranar ba, sai daga baya ya aiko jikansa da gafaka guda da sirdin ado, da saƙon cewa a kula da su. Ranar buɗewa ya zo da kansa, ya tsaya gaban allon, ya bi rubutun ajamin da yatsa har ƙarshe, ya gyara mana wasali ɗaya. Kafin a rufe baje kolin, baƙi daga Birnin Kebbi da Gusau sun riga sun nemi gidansa da sunansa sun ba shi aiki, babu dillali a tsakani. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Haka kuma muna jinjina wa majemin da ya yarda ya kwaso kayan aikinsa ya zauna a harabar zauren yana nuna wa jama'a yadda ake jima. Ya shimfiɗa ɗanyar fata mai gashi, da wadda aka tuje, da wadda ta kwana a ruwan bagaruwa, da wadda aka gama aka shafe da mai, ya bar kowa ya taɓa ya ji bambanci. Ya nuna yadda karan dafi da kanwa suke ba da jan launin da aka san mu da shi, da yadda gangamau yake ba da ruwan ɗorawa, da yadda ake samun baƙi daga kashin maƙera. Yaran makaranta da farko toshe hanci suka yi suna dariya, amma daga ƙarshe sai da malamansu suka janye su da ƙyar.

Ga malamanmu kuwa, Allah ya gafarta musu, ba mu da bakin godiya. Mun san garin da muke, kuma mun san tambayar farko da mutum zai yi idan ya ji an ce baje kolin zane ita ce hukuncin surar abu mai rai. Saboda haka tun kafin mu karɓi aiki ko ɗaya muka je muka zauna gabansu, suka karanta mana abin da magabata suka faɗa, suka bambance mana inda aka yi ittifaƙi da inda aka yi saɓani, ba tare da tsangwama ba. A kan wannan ne muka ƙi karɓar mutum-mutumi, muka kuma shardanta wa masu ɗaukar hoto cewa duk fuskar da za a nuna sai da yardar mai ita. Su ne kuma suka ba da shawarar a keɓe wa allunan zayyana da rubutun Alƙur'ani ɗaki na musamman, a ɗaga su sama, a cire takalmi kafin a shiga, kada kuma a taɓa. Wannan ɗaki shi ya fi kowane cika. Wani alaramma ya zauna a ciki da alƙalaminsa na kara da tawadar da ya dafa da ƙaro, yana rubutu da ka a ruwayar Warshu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, ɗigon hamza da ruwan ɗorawa, na alifin sadarwa da kore. Mutane da yawa da suka yi sauka tun suna yara sun ce ba su taɓa tsayawa sun dubi zayyanar allonsu a matsayin gwaninta ba sai ranar.

Muna godiya ga malamai da ɗaliban zane na manyan makarantu, na nan gida da waɗanda suka zo daga Zariya. Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda da farko suka ga kamar an rage musu daraja da aka jera aikinsu da na mai faifai. Wani malaminsu ne ya tuna musu cewa a 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya domin su haɗa dabarun da Turawa suke koya musu da fasahar da suka gada a gida, kuma da wannan suka yi suna. Maganarsa ta yi tasiri. Wasu ɗaliban sun je Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu sun dubi tsofaffin rubuce-rubuce kafin su fara aiki, wata ɗaliba kuma ta ajiye fentin kanti ta je marina ta samo baba, ta haɗa shi da karan dafi, ta zana tsohuwar ganuwar garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809, da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Atiku kowace a mazauninta, bisa kwatancen da kakanta ya yi mata. A ganina wannan zane shi ne ya fi komai a zauren, ko da yake na san wasu 'yan kwamiti za su ce hotunan masuntan Gulbin Rima da na raƙuman kasuwar Kara sun fi shi.

Ranar da aka keɓe wa mata ita ce ta ba mu mamaki. Mun yi zaton 'yan kaɗan za su fito, sai ga iyayenmu da ƙannenmu sun cika zauren tun da hantsi, wasu ɗauke da hulunan da suka ɗinka da fayafayan da suka saƙa suna tambaya ko akwai sauran wuri. Da yawa daga cikin hulunan da maza suke taƙama da su a masallacin Juma'a a cikin gida aka ɗinka su, kuma a baje kolin nan ne wasu matan suka fara ganin sunansu a jikin aikinsu, bayan sun nemi izinin mazajensu. A garin da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa naɗa mata a matsayin jaji, wato jagora, tana ba su malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, bai kamata fitowar mata wajen ilimi da sana'a ta zama baƙon abu ba. Muna godiya ga matan da suka tsaya a ƙofa suka karɓi 'yan'uwansu, da magidantan da suka ba da izini, wasu ma suka kawo iyalinsu da kansu.

Ga waɗanda suka sayi kaya, Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka kashe. Kuɗin kowane aiki hannun mai shi ya shiga kai tsaye, kwamiti bai cire ko kwabo ba. Abin lura shi ne mafi yawan masu sayen ƙananan ma'aikata ne da malaman makaranta, waɗanda wasunsu suka roƙi a bar su su biya kashi biyu. Manyan baƙinmu da suka zo da rakiya mun gode da karramawar da suka yi mana, muna kuma fatan a karo na gaba, bayan an ɗauki hoto a gaban zane, za a tambayi farashinsa.

Ba za mu manta da 'yan jaridar gidajen rediyo da suka yayata taron ba, da matasan da suka riƙa ɗora hotuna a Facebook kowace yamma, da shugabannin makarantun da suka kawo ɗalibansu aji-aji, da jami'an tsaron da suka kwana suna gadin kaya, da mai unguwa da maƙwabtan da suka haƙura da ƙarar janareta, da 'yan kabu-kabun da suka haddace kwatancen sabon wurin suka riƙa kawo mana waɗanda suka nufi tsohon zauren. 'Yan'uwanmu da suka tsallako daga Ƙonni ta Illela, da na Argungu da Wurno, muna fatan kowa ya isa gida lafiya ya iske iyali lafiya. Allah ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, lafiya da nisan kwana, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Wanda duk muka tsallake bai ji an ambace shi ba, ya yi mana afuwa, ladansa yana wurin Allah.

Muna sanar da masu ayyukan da ba a saya ba cewa kayansu suna nan a killace, kowa ya zo da takardar shaidar da aka ba shi ranar da ya kawo, ko ya aiko wanda ya amince da shi da ita. Dattawan da zuwa zai yi musu wuya su zauna a gida, 'yan kwamiti za su kai musu har zaure. Waɗanda suka ba da kafin alƙalami kuma su cika sauran kuɗin kafin ƙarshen wata, domin masu ayyukan suna jira.

Wassalamu alaikum.

Sakataren kwamitin shirye-shirye, a madadin sauran membobi, Sakkwato.