Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Dutsen Da Kawu Ya Ce In Dafa

Makon jiya na tsaya a inda a-kori-kura ta sauke mu ni da Kawu a bakin ƙofar makarantar kwana. A 1987 ne, ina ɗan shekara 12, akwatin ƙarfe a kaina, bokiti da langalanga a hannun Kawu. Ba zan kama sunan makarantar ba, waɗanda muka yi tare sun san ta. Da zai juya sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan nan, duk abin da aka yi maka ka yi haƙuri. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romo." Allah Ya jiƙan Kawu, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma maganar nan ta daɗe tana ci na.

Lokacin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, ya fara gasa wa mutane aya a hannu, sai da Inna ta sayar da akuyarta kafin ta cika min akwatin nan. Kwaki mudu biyu, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji, da ɗan man shanu a kwalba. Daren farko bayan sallar isha, an kashe fitila, sai na ji an shuri gadona. "Kai juniya, buɗe akwati." Kafin in lalubo makulli mari ya sauka. Da gari ya waye yaji kaɗai aka bar min.

Mutane suna zaton manyan ɗalibai masu gemu ne ke wannan aiki. A'a. 'Yan aji uku ne, 'yan shekara 14 zuwa 15, waɗanda shekara biyu baya su ma aka kwashe musu nasu. Su ke sa mu tsallen kwaɗo daga ɗakin kwana zuwa masallaci, su sa mu kamun kunne har ƙafa ta sage. Da hunturu, kafin kiran assalatu, mun jera musu ruwan wanka. Ranar da aka sa nama a kan gabza kuwa, ba ka ma taɓa shi, ka san mai shi yana tafe.

Duk wannan da sauƙi, jiki yana warkewa. Ni ina da i'ina tun ina yaro, 'yan gidanmu sun sani, Goggo har rubutu ta sha karɓo min. Wani ɗan aji uku, dogo mai tabo a goshi, ya gano haka a sati na biyu. Sai ya riƙa ɗora ni a kan akwati a tsakiyar ɗaki ya ce in faɗi sunana da na garinmu. In na kakare a harafin farko sai ɗaki ya ɗauki dariya, shi kuma ya ce, "Ku saurara, an tayar da injin niƙa." Sunan ya bi ni har aji. Abin da ya fi min ciwo shi ne 'yan ajinmu, waɗanda muke tsallen kwaɗo tare, su ma suna dariya. Sai da na girma na gane tsoro ne, kowa na gudun kada a juyo kansa. Shekara uku ban ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsa. Na fi kowa lissafi a ajin nan, na faɗa ba don alfahari ba, amma malamin lissafi ya rubuta a katin sakamakona cewa ba na magana.

Ranar ziyara ta farko na ja Kawu gindin darbejiya na gaya masa komai ina kuka. Ya share min hawaye da bakin rigarsa, ya ba ni naira biyar, ya sake cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Na je wurin malamin da ke kula da ɗakinmu, ya ce, "Mu ma haka aka yi mana, shi ne horo." Daren ranar aka san na kai ƙara, na kwana a durƙushe.

Bayan shekaru da yawa, ina malami, aka tura mu wani bita. A nan na fara jin sunan Dan Olweus, masanin da ya yi aiki a ƙasar Nowe. A can yara uku ne suka kashe kansu a 1982 saboda cin zalin 'yan makaranta, a 1983 gwamnati ta tashi haiƙan a kan lamarin. Shi ya bambance faɗan yara da cin zali: na biyun da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wani ya fi wani ƙarfi. Aka kuma karanto mana rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha irin wannan cikin wata ɗaya kacal kafin a tambaye shi. Abokan aiki suna rubutu, ni kuwa gumi nake yi, domin ba Dogo na tuna ba. Wani yaro na tuna.

A 1989 na shiga aji uku. Aka kawo mana sababbin juniyoyi, cikinsu akwai wani siriri mai fitsarin kwance. Yana tashi cikin dare ya juya katifarsa don kada a gani. Ni na gani. Ni, injin niƙa, na tashe shi da asuba na ɗora masa jiƙaƙƙiyar katifa a ka, na sa ya zagaya ɗakunan kwana huɗu ana bin sa da tafi. Ranar ba wanda ya yi min dariya, da ni aka yi dariyar, kuma wallahi na ji daɗi. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi ta ƙarƙashin katifar. Da aka dawo hutun zangon farko gadonsa babu kowa. Romon dutsen da na dafa ke nan, Kawu. Na haɗiye nawa shekara biyu, na amayar da shi a kan ɗan mutane.

Shi ya sa da aka ba ni kula da ɗakin kwana na ƙi zama a gida bayan an kashe fitila. Na roƙi shugaban makaranta aka ware wa 'yan aji ɗaya ɗakinsu kusa da gidana. Na kafa akwati mai kwaɗo a bayan masallaci, yaro ya jefa takarda ba suna, ni kaɗai ke da makulli. A ɗakin cin abinci ina duba wanda kwanonsa ke komawa hannun wani. Wanda na kama ba na tara masa jama'a, na san abin da taro ke yi wa yaro. Ina zaunar da shi in tambaye shi wa ya yi masa a aji ɗaya, kuma kusan kullum akwai suna. Sannan in karanta masa hadisin da ke cikin Buhari, cewa ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, taimakon azzalumi kuwa shi ne ka riƙe hannunsa. Wasu malamai sun ce ina lalata yara da shagwaɓa. Suna nan da ransu, sun san kansu.

Ranar da na kai babban ɗana makaranta na dafa kafaɗarsa, maganar Kawu ta zo min har leɓe. Na ce masa, "Duk wanda ya taɓa ka, ka gaya min. In ban ji ba ka sake gaya min."

Dogo mun haɗu da shi a wata jana'iza, ya rungume ni yana ta murna, bai tuna komai ba. Yaron katifa kuwa na tambayi 'yan ajinsu fiye da goma, ba wanda ya san inda ya shiga. In yana karanta wannan, ya san kansa, ina roƙonsa gafara.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba da labarin jarrabawar aji uku da rasuwar Goggo.